Yawan Buhu Ba Shi Ne Ma'aunin Gidauniya Ba

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutanenmu na arewacin Yobe, tun daga Nguru, ka bi ta Jajimaji har ka isa Gashuwa. Ita ce cewa idan ambaliya ta auku, aikin gidauniyar agaji shi ne ta iso da wuri da motocin shinkafa da taliya da man girki da tabarmi, ta raba, a yi mata addu'a, a watse. Wadda ta fi yawan buhu ita ta fi alheri. Abin da ya wuce nan, kamar yashe hanyar ruwa ko tayar da jinga, na gwamnati ne. Masu wannan ra'ayi mutane ne da suka kwana a ajin firamare da iyalansu, ruwa na cin gidajensu, don haka maganarsu ta cancanci a saurare ta da kunnen basira kafin a amsa.

Hujjarsu ta farko ita ce yunwa ba ta jira. Wannan gaskiya ce, kuma duk gidauniyar da ta tsaya rubuce-rubuce alhali yara na kuka ta yi laifi. Amma a duba lokacin da ruwan ke zuwa mana. Yakan cika ne daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da gero ya kusa yanka, shinkafa ta fara fitar da kai. Abin da manomin Karasuwa ya rasa ke nan abincin shekara guda ne, tare da irin da zai shuka baɗi. Buhun da aka ba shi, in gidan na da yawa, makonni kaɗan zai yi. Wahalar gaske tana farawa ne bayan ruwa ya janye, baƙi sun tafi, 'yan jarida sun koma wani labari. A nan ne ake sayar da akuya, sannan saniyar noma, sannan a ci bashin da sai an girbe za a biya ninki. A nan ne rijiyar da ruwan masai ya shiga take haifar da amai da gudawa, kududdufai su cika gari da sauro, katangar ƙasar da ta sha ruwa ta faɗi bayan wata guda.

Kuma a daidai wannan lokaci ne fadama ke buɗe ƙofa. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta tana riƙe da danshi, hunturu na tafe, lokacin alkama da albasa da tattasai da kankana. Manomin da ya samu iri da taki da injin ban ruwa a watan Nuwamba zai iya ciyar da gidansa da guminsa kafin damina ta zagayo. Masuncin da aka mayar masa da koma da kwalekwale haka. Kuɗin da za a yi wannan da shi sau da yawa bai kai na rabon abinci zagaye na biyu ba, sai dai ba shi da taron da za a ɗauki hoto. A ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane sama da 600 a Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan 1.3 da muhallansu, yankunan Bade da Jakusko da Karasuwa na cikin waɗanda suka ji jiki. Duk wanda ke zaune a nan ya san an fi ganin masu agaji a makonnin da ruwa ke tsaye fiye da watannin da suka biyo baya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: kogi na gwamnati ne, mai gidauniya ba shi da hurumi a kansa. Na yarda nauyin na gwamnati ne, kuma babu sadakar da za ta sauke mata shi. To amma a fahimci yadda ruwan nan yake. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke bazuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, sannan su haɗu su zama kogin Yobe da ke ratsa Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Da can kogin kan cika da damina, ya ƙafe da rani. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan suka toshe, ruwa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Nguru yana cin gonaki, yayin da wasu garuruwan ke neman sa ba su samu. Ga kuma tsuntsun jan-baki da ya samu maɓoya a cikin kacalar. Saboda girman matsalar ne jihohin Bauci, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka haɗu da gwamnatin tarayya a 2006 suka kafa asusun kula da wannan kwari, hedikwatarsa a Damaturu.

Babban yashe sai manyan injina, wannan ba a musu. Amma tsakanin aikin babban inji da zaman jiran gwamnati akwai fili mai faɗi, kuma mutanen ƙauyukanmu sun daɗe a cikinsa. Su ne ke yin gayya su shiga ruwa da adda suna saran kacala, su ne ke cika buhuna da yashi suna kare bakin gari cikin dare. Abin da ke karya su ƙanana ne: kayan aiki, buhunan da babu komai a ciki, abincin 'yan gayya, man da za a zuba wa motar haƙa ta kwana biyu. Wace doka ce ta hana gidauniya ɗaukar wannan da rani? Hukumomin NiMet da NIHSA kan fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka. Isar da shi ga bulama da lawani da limamin Juma'a, da Hausa da Manganci da Badanci da Fulatanci, aiki ne da ƙaramar gidauniya za ta iya ba tare da ta taka hurumin kowa ba.

Wanda ke ganin wannan baƙon tunani ne ya tuna Shekarar Toka, shekarar yunwa, ta 18 bayan hijira. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya zo Madina, aka ciyar da jama'a. Bayan haka aka sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya, don hatsin Masar ya riƙa isa Hijaz ta jirgi. Sayyidina Usman kuwa rijiyar Ruma ya saya ya yi wakafi da ita. Magabata sun ciyar a ranar yunwa, sun kuma yi aikin da zai rage ta gobe.

Hujja ta uku ita ce ta wanda aka sha cuta: buhu dai na gan shi a hannuna, kuɗin aiki kuwa sai a ce an yi, ba a gani ba. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai rabon ma yana yoyo. Wa ya rubuta sunayen? Ƙauyen da ke bakin kwalta yakan samu sau biyu, wanda sai da kwalekwale ake isa gare shi ya ji labari. Bayan wata guda babu mai iya ƙirga buhun da aka ce an raba, amma rijiyar burtsatse da kwalbati da jinga suna nan a tsaye, kowa na iya zuwa ya duba ko an yi su da kyau.

Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga Maiduguri, attajirai irin su Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u da marigayi Aminu Ɗantata sun ba da biliyoyin naira, Allah Ya saka musu da alheri. Maiduguri babban birni ce, idon duniya na kanta. Ƙauyen Karasuwa da ruwa ke ci kusan duk damina ba zai taɓa samun irin wannan kallo ba, don haka ɗan abin da gidauniyoyin 'ya'yan yankin ke tarawa bai kamata ya ƙare a mako guda ba.

Roƙona ga masu gidauniyoyi shi ne su raba abin da suka ware: kashi na ranar ruwa, kashi na noman rani, kashi na gyaran hanyar ruwa kafin damina. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan suka zo garinku, ka karɓa ka yi godiya, sannan cikin ladabi ka tambaye su ko za su dawo a watan Nuwamba da iri, da kuma ko za a gan su a Afrilu lokacin saran kacala.