Hutun da Ke Gajiyar da Zuciya

Wanda ya san ƙasar Roni tun kafin injin niƙa ya game ƙauyuka, ya san cewa abin da ke biyo bayan kiran assalatu shi ne amon taɓarya a turmi. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta ja guga a rijiya, ta hau gefen dutse neman itace, har furfura ta cim mata ba ta taɓa jin likita ya ce a motsa jiki ba, alhali kuwa rayuwarta duka motsi ce. Yau kuwa, idan Allah ya arzuta dattijuwa da 'ya'ya masu albarka, farkon abin da suke yi na biyayyar iyaye shi ne su hutar da ita: suruka ta karɓe madafa, jikoki su karɓe tulu, in za ta barka ko ta'aziyya, ko da unguwa ta gaba ce, a kira mai babur ya ɗauke ta daga bakin zaure. "Inna, ki zauna, ai kin yi naki," haka ake ce mata. Niyyar kyakkyawa ce, ladanta kuma yana wurin Allah, sai dai tsokar nan da ke harba jini a ƙirji ba ta amfana da irin wannan ladabi.

Dalili kuwa shi ne, jijiyoyin jini suna taurara da shekaru, kuma kariyar da halitta ta yi wa mace a zamanin haihuwa tana raguwa bayan ɗaukewar haila, wajen shekara hamsin, har ya zama hawan jini ya fi yawa ga tsofaffin mata bisa ga tsaransu maza. Idan awo ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko sama, a ranaku mabambanta, hukuncin likita ya tabbata, ko da mai ciwon ba ta jin komai. Wannan shirun shi ne babbar illarsa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum wajen biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, sai ranar da zuciya ta gaji ƙafa ta kumbura, ko ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge ta.

Matan ƙasarmu kuma suna da nasu tsohon bashi. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta ta da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Wadda ta yi haihuwa takwas ko goma a kan wannan al'ada, ta kuma shiga tsufa da gishiri da ɗunkulen miya a kowace tukunya, lalle zuciyarta ta cancanci a tausaya mata.

Hujjar cewa motsi magani ne ba sabuwa ba ce. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya gwada direbobin motocin safa na Landan, waɗanda ke yini a zaune, da 'yan karɓar kuɗi masu hawa da sauka a matakalar motar, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama na zaune. A 2002 kuma aka buga sakamakon bibiyar mata fiye da 70,000 a Amurka, masu shekara 50 zuwa 79, inda ya bayyana cewa masu tafiyar ƙasa da hanzari kamar awa biyu da rabi a mako sun fi masu zama tsira daga ciwon zuciya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Gwargwadon da masana suka yi ittifaƙi a kansa ke nan: minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar, ana iya raba shi goma-goma. Mizaninsa mai sauƙi ne, ta yi tafiyar da numfashi zai ɗan ɗaga amma tana iya amsa gaisuwa.

Sau da yawa tsohuwa kan ce, "Ai ina salla." Gaskiya ne raka'a 17 na farilla, da ruku'unsu da sujadarsu, suna sassauta gaɓoɓi, amma ba sa tayar da bugun zuciya tsawon lokacin da ake bukata, kuma ba don haka aka shar'anta su ba. Addini dai bai hana mace motsi ba, tun da ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Kuma duk wadda ke burin sauke farali ta sani cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi.

Amma akwai sharuɗɗa. A fara zuwa asibiti ko ɗakin shan magani a yi awo, in ya kai 180 bisa 110 a dakata sai likita ya daidaita shi. Tafiya ba ta maye gurbin ƙwaya, abin da take ragewa a awon sama bai cika wuce 5 zuwa 8 ba, don haka kada a ajiye magani wai don an ji sauƙi. Jiri, ko nauyin ƙirji, ko hakin da ya wuce misali, alama ce ta a tsaya a nemi likita. A guji cicciɓar kaya mai nauyi ana riƙe numfashi, a kuma guji tsakar ranar bazara. Bayan asuba ko sakaliyar la'asar ya fi, a hanya mai laushi, ba hawan duwatsun Roni ba, da takalmi mai riƙe ƙafa da jika guda a gefe yana ɗauke mata gorar ruwa.