Rigar da Jiki Ke Saka wa Robar Asibiti

Matar da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari a Bader Goula, hanyarta kan bi ta Dakoro har zuwa Danja, kusa da Maraɗi, inda aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a 2012. Bayan ɗinki akan saka mata robar fitsari, ta yi kwanaki a mafitsara. A ido da hannu, robar nan sumul take, amma ga furotin ɗin jiki fili ce mai tudu da kwari.

Da nanomita ake auna wannan tudun, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini, ɗan dunƙule ne mai kusan nanomita 8, shi kuwa fibirinojen, mai sa jini ya daskare, dogo ne, wajen nanomita 45.

Tun a shekarun 1960 masani Leo Vroman, haifaffen Holan da ya yi aiki a Amurka, ya nuna cewa da jini ya taɓa baƙon abu, cikin daƙiƙu furotin ke lulluɓe shi. Masu yawa su fara sauka, masu ƙarfin riƙo su zo su ture su. Daga nan ba robar jiki yake taɓawa ba, wannan rigar yake taɓawa.

Surar fuskar robar na da hannu a yadda rigar za ta kasance. Kaushi na ƙara filin sauka. Gwaje-gwaje sun kuma nuna albumin kan riƙe siffarsa a kan ƙaramin tudu mai lanƙwasa sosai, fibirinojen kuwa sai ya tanƙware, kamar ɗanyen kara da aka danne a kan kunya. Idan ya karkace, wuraren da ke ɓoye a jikinsa su fito, ƙwayoyin daskarar da jini su sami abin kamawa.

A mafitsara ma haka abin yake. Gogar robar na jawo kumburi, fibirinojen ya tsattsafo ya kwanta a kanta. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun gano ƙwayar cutar Enterococcus faecalis kan kama shi, ta gina sheƙa mai yauƙi wadda magani ke wahalar ratsawa.

Ana ƙoƙarin shafa wa roba sinadarai masu riƙe ruwa don furotin ya kasa zama, sai dai tsadarsu ba ta aljihun asibitin karkara ba ce. A ganina, abin da ya fi amfanar macen Bader Goula yau shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018: idan yoyon mai sauƙi ne, a cire robar cikin kwana 7 zuwa 10 bayan aiki, maimakon makonni biyu da aka saba.