Kacalla: Ciyawar Da Ta Shaƙe Dausayin Haɗeja Da Nguru

Wanda ya taka gefen tafkin Dagona a Jihar Yobe da sanyin safiyar hunturu zai ga ruwa ya cika da kirinjijiya da dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Amma kafin ya yi nisa, wata doguwar ciyawa da ta fi mutum tsayi za ta tare masa hanya. Kacalla ke nan.

Da can ruwan Haɗeja yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya shekara cur, abin da kacalla ke so ke nan. Saiwarta na bazuwa ƙarƙashin laka, ta toshe magudanai har kwalekwalen masunta ya kasa ratsawa. Cikinta kuma tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su afka wa shinkafa.

Ƙone kacalla ɓata lokaci ne, tana sake tohowa. Yanke ta ƙarƙashin ruwa ya fi, domin saiwar ta rasa iska ta ruɓe.