Kifin da ya dace a zuba cikin ƙaramin tabkin gari

A ƙasar Adar babu kogi mai gudu shekara duka, amma akwai kifi. Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas, in ya iso Tabalak zai tarar da masu sayar da kifi a bakin hanya. Albarkar tabki ke nan. Tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi sun yi suna, har a shekarar 2005 aka sa su cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Garin da ke son a zuba 'ya'yan kifi cikin nasa ƙaramin tabki, sai ya fara da zaɓen iri. Ba kowane kifi ke jure ruwan da ke janyewa da rani ba, ya yi zafi, dabbobi su dagula shi. Kuma ba kowane ke zama lafiya da ɗan'uwansa ba. In aka yi kuskure, kuɗin da jama'a suka tara sun tafi banza.

Karfasa ita ce ta farko. Abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun cikin ruwa, ba ta farautar sauran kifaye. Uwar tana riƙe ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, shi ya sa 'ya'yanta ke tsira da yawa. Aibinta biyu ne. Sanyin hunturu yana rage mata ci, sai girmanta ya tsaya. Kuma tana haihuwa ba ƙaƙƙautawa, har tabki ya cika da ƙanana da ba su da kuɗi a kasuwa.

Bargi shi ma mai zaman lafiya ne. Yana tace abincinsa daga ruwa da laka, yana leƙowa sama ya shaƙi iska. Sheƙarsa cikin ciyawar bakin ruwa yake yin ta da damina, saboda haka tabkin da ba ciyawa ba zai hayayyafa cikinsa ba.

Tarwaɗa ta fi karfasa juriya nesa ba kusa ba. Tana shaƙar iska kai tsaye, tana rayuwa cikin ruwan taɓo inda wasu ke mutuwa. Sai dai duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har 'yan'uwanta. Dabarar ita ce a zuba ta kaɗan, kuma kada ta fi karfasa girma ranar zubawa. Ta haka za ta riƙa rage 'ya'yan karfasa da suka yi yawa, waɗanda suka saura su samu abinci su yi nama.

Tabkin da ke ƙafewa ƙaf kuwa, gaiwa ce gwanarsa. Tana shiga cikin laka ta kwanta har ruwan damina ya dawo.

Giwan ruwa ne abin tsoro. Namansa da tsada, yana iya wuce kilo 100, amma kifi yake ci, kuma sai da ruwa mai zurfi da faɗi. A shekarun 1950 aka zuba shi cikin babban tabkin Biktoriya na gabashin Afirka. Kafin ƙarshen shekarun 1980, wajen iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace ko sun kusa. In ya yi wa ruwa mai girman teku haka, ina ga tabkin ƙauye?

Ranar ɗauko 'ya'yan kifi, a yi sammako tun rana ba ta yi zafi ba. Kada a ba su abinci jajiberen tafiya, kada a cunkusa su cikin tano. In an iso, a riƙa zuba ruwan tabki kaɗan kaɗan cikin tanon har ɗumin ya daidaita, sannan a sake su. Bayan nan a hana su na wasu watanni, a kuma hana koma mai ƙananan idanu.

Kafin a kashe ko dala ɗaya, ƙungiyar masunta da mai gari su nemi shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji, su auna zurfin tabki a ƙarshen rani. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ko da cikin ruwa ne.