Gonar Kakanni Ba Ta Sayarwa Ba Ce: Labarin Manoman Inabi Na Ƙasar Italiya

A arewa maso yammacin ƙasar Italiya, cikin lardin da ake kira Piyamonte, akwai waɗansu tuddai inda kadada guda ta gonar inabi takan kai Yuro miliyan 2, a wuraren da suka fi suna kuma har ta wuce haka. Duk da wannan maƙudan kuɗi, akwai iyalai da yawa da attajirai suka yi ta zarya a ƙofarsu amma suka ce atafau, ba za su sayar ba. Mai karatu da ya saba da Littafi Mai Tsarki ba zai rasa tunawa da Nabot mutumin Yezreyel ba, wanda labarinsa yake cikin 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab ya yi masa tayin kuɗi, ya yi masa tayin wata gonar da ta fi tasa, amma ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce. To, irin wannan taurin kai bai ƙare a duniya ba, kuma ya kamata mu ji yadda waɗannan mutane suka kai inda suke yau, gama hanyar ba ta kasance da sauƙi ba.

Sunan tuddan Lange, babban garinsu kuwa Alba, kudu da birnin Turin. A nan ne ƙauyukan Barolo da Barbaresko suke, waɗanda ruwan inabinsu ya yi suna a duniya. Na san a cikin ikilisiyoyinmu akwai masu ƙyamar duk abin da ya shafi abin sha mai sa maye, kuma ba talla nake yi wa kowa ba. Maganar gona ce da gādo, da abin da yakan shiga tsakanin uba da ɗa a kan ƙasa.

Irin inabin da ake shukawa a can ana ce da shi Nebbiyolo. Mutane da yawa suna danganta sunan da kalmar hazo a harshensu, domin ba a tsinkarsa sai wajen watan Oktoba, sa'ad da hazo yake kwanciya cikin kwari da safe. Kuringar inabi ba hatsi ba ce da za a shuka da damina a girbe da kaka. Takan yi kamar shekara 3 kafin ta fara ba da 'ya'ya, sa'an nan ta yi shekaru da yawa tana bayarwa, har wanda ya dasa ya mutu ya bar wa jikansa. Ruwan inabin da ake kira Barolo kuwa doka ta ce a ƙauyuka 11 kaɗai za a yi shi, kuma ba za a kai shi kasuwa ba sai ya yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Mutumin da yake irin wannan noma dole ya koyi haƙuri. Tsofaffinsu sukan lura da gefen tudun da dusar ƙanƙara take fara narkewa bayan hunturu, su ce nan ne rana ta fi so, nan za su dasa kuringa mafi kyau. Kowane gangare yana da sunansa, kamar yadda kowane yaro yake da suna.

Zamanin Wahala

Wanda ya ga tuddan a yau, da gidajen baƙi da motocin 'yan yawon buɗe ido, ba zai yarda cewa kakannin mutanen nan sun sha yunwa ba. Da yawa daga cikinsu ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Noman kashi-mu-raba suke yi, wato mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi ya ba da ƙarfinsa da na 'ya'yansa, a raba amfani biyu. Yarjejeniyar takan ƙare ran 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da Waliyyi Martin. Idan mai ƙasa bai sabunta ba, sai ka ga iyali sun ɗora tabarmi da tukwane a kan keken shanu cikin sanyi, suna neman inda za su sa kansu. Har wa yau a arewacin Italiya, in an ce wani ya yi San Martino, ana nufin ya yi ƙaura ke nan. Sai a 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Wani marubuci ɗan Alba, Beppe Fenoglio, ya fitar da littafi a 1954 mai suna La Malora, a kan yaron da talauci ya sa ubansa ya ba da shi barantaka a gonar wani.

Ga kuma annoba. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar kuringa, filoksera, ya ƙetaro daga Amurka ya cinye gonakin Faransa, aka fara ganinsa a Italiya a 1879. Maganin da aka samu daga baya shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin gida a aura shi a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Amma kafin a tumɓuke tsohuwar gona a dasa sabuwa, a kuma jira ta yi 'ya'ya, me iyali za su ci?

Saboda haka mutane suka watse. Tsakanin 1876 da 1915 wajen mutum miliyan 14 suka bar Italiya, mutanen Piyamonte da yawa suka nufi Ajantina. Cikin waɗanda suka bi baya akwai iyalin Bergoglio, waɗanda asalinsu Portakomaro ne kusa da garin Asti, maƙwabtan Lange. Sun shiga jirgin ruwa a 1929. Jikan gidan, wanda aka haifa a Ajantina a 1936, shi ne ya zama Paparoma Francis, kuma a bakin kakarsa Rosa ya koyi yaren Piyamonte. A watan Nuwamba na 2022, yana tsoho mai shekara 85, ya koma Portakomaro ya ci abinci tare da danginsa a gida, kashegari ya yi sujada a babbar majami'ar Asti. Shekara 93 ke nan bayan fitar iyalinsa, amma hanyar gida ba ta ɓace masa ba.

Fada Da Manoma 19

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wata ƙaurar ta taso, wannan karon zuwa masana'antar motoci ta Fiat a Turin. Saurayi ya ga albashin wata ya fi jiran inabin da ƙanƙara za ta iya kakkaɓewa cikin rabin sa'a. Abin da ya taimaka ƙauyuka ba su zama kufai gaba ɗaya ba shi ne kamfanin kayan zaƙi na Ferrero da aka kafa a Alba a 1946. Kamfanin yakan aika motocin safa su kwaso ma'aikata daga ƙauyuka su kuma mai da su, don haka mutum yana iya yin aikin albashi bai rabu da gonarsa ba.

Amma babbar cutar ƙaramin manomi ita ce kasuwa. Ba shi da wurin matsa inabi, ba shi da ganguna, sai ya loda abin da ya tsinka ya kai Alba ya jira masu saye. Inabi kuwa ba dawa ba ne da za a zuba a rumbu. Mai saye ya san haka, sai ya yi ta jan ƙafa har kayan su fara lalacewa, sa'an nan ya yanka farashin da ya ga dama. Duk wanda ya taɓa kai tumatir kasuwa ya san wannan azaba.

A 1958 fadan da yake lura da ikilisiyar Barbaresko, Don Fiorino Marengo, ya ga in ba a yi wani abu ba, kujerun majami'arsa za su zama wayam. Sai ya tara manoma 19 suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Produttori del Barbaresco. Ba su da gini, don haka girbin shekara 3 na farko a ɗakin ƙarƙashin majami'a aka sarrafa shi. Kowane iyali ya riƙe gonarsa, shi yake nomanta, shi zai bar wa 'ya'yansa. Matsa inabi da ajiya da sayarwa ne kaɗai aka haɗa. A ganina a nan hikimar take. Bai ce su haɗa gonaki ba, gama ya san mutanensa, ya san wannan ne abin da ba za su taɓa yarda da shi ba. Ƙungiyar tana nan har yanzu da iyalai fiye da 50, ana kuma lissafta ta cikin ƙungiyoyin manoman inabi mafiya daraja a duniya.

Uba Da Ɗa

Ƙaunar gādo tana da nata ciwon, labarin Elio Altare na ƙauyen La Morra kuwa ya nuna haka. A 1976 wannan saurayi ya tafi yankin Bargandi na Faransa, ya ga manoma irinsa suna zaman wadata da gonakin da ba su fi na ubansa girma ba. Ya dawo da sababbin dabaru. Ɗaya daga ciki ita ce a yanke waɗansu nonnan inabi tun suna ɗanye a zubar, domin waɗanda suka rage su yi kyau. Ga tsohon da ya ga yunwa da idonsa, zubar da abin da Allah ya bayar ba dabara ba ce, saɓo ne. A 1983 Elio ya shiga ɗakin ajiya da zarto mai inji, ya yayyanka manyan tsofaffin gangunan gidan domin ya kawo ƙanana irin na Faransa. Uban ya ɗauka ɗansa ya taɓu, ya cire shi daga wasiyyarsa, ya rasu a 1985. Sai da Elio ya yi ta sayen gonar kaɗan-kaɗan daga hannun 'yan'uwansa kafin ta dawo gare shi. Daga baya sunansa ya kai Amurka da Japan, 'yarsa Silvia kuma ta karɓi aikin.

Wa ke da gaskiya? Uban yana tsaron abin da aka bar masa ne, ɗan kuma ya ga in ba a sāke hanya ba, ba abin da zai rage da za a tsare. Ba kowa ne ya bi sabuwar hanyar ba. Bartolo Mascarello na garin Barolo ya tsaya a kan manyan ganguna da al'adar ubansa har ya rasu a 2005, 'yarsa Maria Teresa ta ɗora daga inda ya tsaya, masana kuwa suna girmama gidajen biyu. Abin lura, a gida biyun nan duka 'ya mace ce ta riƙe gādon, a ƙasar da a dā ake ganin gona ta 'ya'ya maza ce.

Cikin wannan gardama sai ga masifa. A watan Maris na 1986 aka gane cewa waɗansu 'yan kasuwa a garin Narzole, dab da Barolo, suna zuba sinadarin metanol cikin ruwan inabi mai araha domin ya ƙara ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, waɗansu suka makance, kasuwar waje ta faɗi warwas. Bayan wannan abin kunya masu saye suka fara neman kwalbar da take ɗauke da sunan iyali da sunan gangaren da inabin ya fito. Mutumin da sunan ubansa yake jikin kwalba yana da abin da zai ji kunya a kai.

Wadata Da Nauyinta

A 2014 hukumar UNESCO ta sa tuddan Lange da Rowero da Monferrato cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙasar da a dā ake gudu daga cikinta ta zama zinariya, sai wadatar ta zo da irin nata jarraba. Dokar gādo ta Italiya ta ba kowane ɗa rabonsa, mace da namiji daidai. In uba ya bar kadada 5 da 'ya'ya 3, guda ɗaya ne kuma yake son noma, ina zai sami miliyoyin da zai biya sauran? Saurayin da iyayensa ba su da gona kuwa, sai dai ya yi kallo. A 2016 gidan Vietti na Kastiliyone Falletto, wanda ya yi zuriya huɗu yana wannan sana'a, ya koma hannun wani attajiri ɗan Amurka, Kyle Krause. Maganar ta girgiza yankin. 'Yan gidan suka ci gaba da gudanar da aikin na 'yan shekaru, amma a 2023 suka bar shi.

Akwai kuma tambayar da masu tallar yawon buɗe ido ba su cika so a yi ba: hannun wa ne yake datse rassa cikin sanyin Janairu, yake kuma tsinka a kan gangaren da inji ba ya iya hawa? Yawancin ma'aikatan yau baƙi ne, daga Masedoniya da Albaniya da Romaniya, da kuma samarin Afirka ta Yamma waɗanda da yawansu ta Hamada da teku suka isa. Akwai iyalan da suke ɗaukar su aiki bisa doka suna biyan su hakkinsu. Akwai kuma waɗanda suke bi ta hannun 'yan kwangilar da suke kwasar ma'aikata da asuba, su yanke musu kuɗin mota da na wurin kwana daga ɗan abin da suka samu. Jikokin waɗanda aka kora daga gona ran 11 ga Nuwamba ya kamata su fi kowa sanin ɗacin wannan, shi ya sa abin ya fi ba ni takaici. Italiya ta kafa doka a 2016 wadda take hukunta ɗan kwangilar da kuma mai gonar da ya ci moriyarsa, a 2024 kuma 'yan sanda sun kama waɗansu a kewayen Alba bisa zargin bautar da ma'aikata a gonakin inabi. Ikilisiyar Katolika ta garin, ta hannun ƙungiyarta ta agaji Caritas, takan ba waɗansu daga cikin samarin abinci da wurin kwana.