Jarrabawar Aikin Jinya: Jan Kunne Ga Ɗaliban Illela Da Iyayensu

Duk wanda zai sa farin kaya ya kama aikin jinya a Najeriya, ko a Babban Asibitin Illela ne ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba, lasisi a hannun hukumar yake.

Shiri yana farawa tun ranar neman gurbi. Iyaye su bincika: hukumar ta amince da makarantar nan? Ta yi wa yaronmu rajista ta ba shi lamba? Wanda ba shi da lambar ba zai zauna jarrabawa ba, ko da ya shekara uku yana zuba kuɗi. Mu mutanen bakin iyaka abin ya fi shafa, tunda tsallakawa Kwanni ko wucewa gaba neman karatu ba wuya. Ba laifi ba ne, amma wanda ya karanto jinya a waje sai hukumar ta tantance takardunsa ta kuma jarraba shi. Kada a manta, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo.

Yanzu a kan kwamfuta ake amsa tambayoyi, masu sa ido na zagayawa, agogo na tafiya a fuskar na'urar. Ɗalibi zai iya haddace littafi tas amma ya ɓata minti goma yana kokawa da linzamin kwamfuta. Iya latsa waya daban, wannan daban. A nemi shagon kwamfuta a riƙa gwaji da tsofaffin tambayoyi, ana ɗaure kai da lokaci.

Sai gwajin aiki da hannu, inda ake bi tasha-tasha, kowace da 'yan mintocinta. Mai duba ka yana riƙe da takarda yana cankewa: ka wanke hannu? Ka gaida majinyaci ka gaya masa abin da za ka yi? Ka ɗaura abin awon jini daidai a damtse? Waɗannan ƙananan abubuwa su ke cinye maki, kuma a ɗakin majinyata ake koyonsu. Mai zille wa zuwa asibiti lokacin horo, ranar nan asirinsa ke tonuwa.

Da jarrabawa ta matso, masu cewa suna da tambayoyin bana sukan cika WhatsApp, a tura kuɗi su turo amsa. Damfara ce. Dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri, har ga wanda ya zauna a madadin wani. Ni dai ba zan so wanda ya sayi amsa ya lissafa wa ɗana maganin allura ba.

In cibiyar jarrabawarka a Sakkwato take, kada ka dogara da motar asuba daga tashar Illela. Ka kwana a can, ka je ka ga wurin tun da rana, takardar shiga da katin shaida suna aljihu, wayar kuma a bar ta a masauki.