'Yar Bebi Mai Tsada Ko Ta Bakin Titi: Wacce Za Ki Saya Wa 'Yarki?

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, wata baiwar Allah ta shigo kemis ɗinmu sayen maganin mura. 'Yarta na rungume da sabuwar 'yar bebi tana tsotsar ƙafarta, leɓenta duk jan fenti. Na ce, "Maman Ummi, a ina kika samo wannan?" Ta ce a Taminus, wajen masu baza kaya a ƙasa. Ta fara taya Barbie a wani shago, amma kuɗin da aka faɗa mata ya kusa cefanen sati guda.

Ban ga laifinta ba, kuma tsada ba ita ce shaidar lafiya ba. A 2007, kamfanin Mattel na Amurka, mai ƙera Barbie tun 1959, ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda dalma a fentinsu, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa. Bambancin shi ne kamfani mai suna ana iya bin sawunsa a tilasta masa kwashe kayansa. Wanda ya zuba roba a leda ba suna ba adireshi fa, wa zai nemo shi? Ga kuma jabu a kwali mai sheƙi, ki biya kuɗin na asali ki tafi gida da na bakin titi.

Dalma ce ta fi tayar mini da hankali. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can ƙurar dutsen zinariya ce, ba kayan wasa ba, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira mara illa. 'Yar kaɗan ɗin da yaro ke lasa ba ta kwantar da shi nan take. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage jini, sai an sa shi makaranta a fara cewa ba ya ganewa. Ido ba ya ganin dalma. Abin da za ki iya yi shi ne ki goga ɗanyen farin ƙyalle a jikin bebin, in launi ya fito ki ajiye ta. Rashin fitowarsa ba tabbaci ba ne, amma ya rage haɗari.

Ki kuma sansana ta. Roba mai laushi, mai danƙo da warin fetur, na iya ɗauke da sinadarin tausasa roba, fitalet, wanda ke rikita sinadaran girma na jiki. Tun 1999 Tarayyar Turai ta hana wasu nau'o'insa a kayan da 'yan ƙasa da shekara uku ke sa wa a baki.

Bebi mai kuka ko waƙa kuwa, duba murfin batirinta. In ba a ɗaure shi da noti ba, bar ta. Batirin nan mai kama da maɓalli, in ya maƙale a makoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona shi. Kada a sa yaro amai, a garzaya JUTH ko asibiti mafi kusa a ɗauki hoto. Idanu, ɗan kunne da takalmin bebi ma, ki ja su da ƙarfi tun a gaban mai kaya.

Akwai hanyar tsakiya. Queens of Africa, waɗanda Taofick Okoya ya ƙirƙiro a Legas, baƙaƙen fata ne sanye da atamfa, har da wata Azeezah mai wakiltar Hausawa. Na gwanjo a Katako ma ba laifi in an wanke an shanya, sai dai ki guji tsoho mai fenti yana ɓarewa.

Tawa 'yar, mai shekara biyu, ta ulu take goyo. Wata maƙwabciyarmu mai saƙa wa yara rigunan sanyi ce ta yi mata, idanun da zare aka ɗinka. Maman Ummi ta karɓi kwatancen gidan, ta bar mini jar bebin a kan kanta. Ummi ta yi kuka har bakin titi.